Takwaran Baba

"Sharaɗina ɗaya ne," in ji Likita. "Ya sauke sunan."

Tsohon Alƙali, wanda ya zo nema wa saurayin alfarma, ya ajiye kofin shayinsa a hankali. "Ya sauke me, Takwara?"

"Sunana. Ya cire shi daga bayan rigarsa, ya faɗa wa 'yan jarida daga yau a kira shi da wani abin daban. Ko Damisa ko Guguwa, duk shirmen da 'yan ƙwallo ke laƙaba wa kansu. Ranar da na ga an yi haka, ya turo manyansa, na ba shi Auta. In ba haka ba, ko inuwar gidan nan kada ya ƙara takawa."

Auta tana bayan labulen falo, riƙe da farantin biskit da aka ce ta kawo wa baƙo. Maganar aurenta ake yi.

Ga inda rigimar ta samo asali. Mutum uku ne fitattu suke amsa suna ɗaya sak, nasu da na ubanninsu, ko harafi bai bambanta ba. Na farko babanta, likitan zuciya, wanda ya yi furfura yana buɗe ƙirjin mutane yana rufewa suna tashi su koma gida da ƙafarsu. Na biyu wannan Alƙalin, wanda a zamaninsa ko masu kuɗi ba sa son shari'arsu ta faɗa hannunsa. Su biyun sun daɗe suna raba sunan lafiya lau. Abotarsu ma daga nan ta faro, don sau da yawa akan gayyaci ɗaya taro, katin ya sauka a gidan ɗayan.

Sai ga na uku. Yaro, ɗan direban babbar mota, dogo mai hannaye kamar faranti, ya shiga raga ya hana ƙwallo wucewa. Kafin a ankara sunan ya koma nasa. Ka buga shi a waya, hotunan Gola ne za su cika maka ido, sai ka yi ta ja ƙasa har yatsa ya gaji kafin ka ga fuskar Likita. Marasa lafiya suna kwance ana shirin shiga da su tiyata, amma sai ka ji wani ya ɗago kai ya ce, "Ranka ya daɗe, wai kai ne baban Gola?"

Likita ya shanye duk wannan. Abin da bai shanye ba shi ne ranar da ƙungiyar likitoci ta karrama shi. Ya sa kwat ɗinsa mafi tsada, Umma na gefensa, zaure ya cika. Aka kira sunansa, ya miƙe, sai ga hoton Gola a babban majigi, ya yi tsalle a iska baki buɗe yana cafe ƙwallo. Zauren ya ɓarke da dariya. Har waɗanda ya koyar da su riƙe almakashi sun dara. Ya karɓi lambarsa ya zauna, tun daga ranar kuwa ba a ƙara kunna ƙwallo a gidansa ba.

To, a duk mazan duniya, wannan Golan ne kafaɗarsa ta goce aka kawo shi sashen gashin ƙashi na asibiti. Kuma a duk ma'aikatan sashen, Auta ce ke bakin aiki. Kafaɗa ta warke, Gola bai daina zuwa ba.

"Takwara," in ji Alƙali, "ni ma fa sunan nan nake amsawa. Ba ka taɓa cewa in sauke ba."

"Kai ba ka taɓa sa an yi mini dariya ba."

"Yaron nan ba shi ya saka hoton ba. Yana can yana atisaye, bai ma san ana taro ba."

"Ni na gina sunan nan, da tsayuwa a ɗakin tiyata har ƙafafuna suka kumbura. Shi kuma ya zo ya kwashe shi da tsalle-tsalle."

Alƙali ya yi murmushi. "Ni kam na daɗe da sallamawa. Jikokina a makaranta cewa suke kakansu ne Gola. Rannan a filin jirgi wani yaro ya ji an kira ni, ya biyo ni da ƙwallo sai na sa masa hannu. Na ce masa na tsufa ne kawai, na sa masa."

Likita ko gezau.

Auta ta ɗaga labule ta shiga, ta durƙusa ta ajiye farantin.

"Baba, zan iya magana?"

"Ba za ki iya ba."

Ta tashi ta fita. Ranta ya ɓaci ƙwarai, kuma ba ta ɓoye ba, don yadda ta saki labulen sai da ƙarfensa ya yi ƙara.

*

A ɗaki ta tarar da Umma tana ninke kayan wanki a kan gado, fuskarta fes kamar wadda aka yi wa albishir.

"Kin ji ko? Babanki ya sauko."

"Wannan ne saukowa, Umma?"

"Ke dai ba ki san mutumin nan ba. Watan jiya ko zancen ba ya bari a ɗauko. Yau har ya ce ya ba shi ke. Me kuma kike nema?"

"Ya ba shi ni bayan ya tuɓe shi."

"Haba, wane irin tuɓewa? Rubutu ne fa a bayan riga." Umma ta jefa mata zanin gado. "Kama mini nan. Ki gode Allah. Da ya so, da tuni ya tsaya kai da fata a kan ƙaramin likitan nan nasa. Yaro mai hankali, kullum yana hanya da ledar lemo."

"Umma, mutumin nan in ya zo, da Baba yake hira har ya tafi. Ni gaisuwa kawai ke haɗa mu. Baba yake so, ya aure shi mana."

Umma ta danne dariya da ƙyar, ta haɗe rai. "Ban son rashin kunya. Ki tsaya ki ji. Ina zauren nan ranar da aka yi masa dariya. Da muka dawo gida bai ci komai ba, ya zauna da kwat ɗin a jikinsa kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ke 'yarsa ce, ba ki ji masa ba?"

Hawaye suka cika idon Auta. Ta ji masa, wallahi ta ji. Ita ce ma ta cire masa takalmi a ranar.

"Na ji masa, Umma. Amma don an ci masa fuska ba shi zai sa ya ci ta wani ba."

"To ai sai ki bari shi yaron ya ce ba ya so. Ke meye naki?"

"Ba zai yarda ba," in ji Auta. "Na san shi."

Ba ta rufe baki ba wayarta ta yi ƙara. Gola ne. A wayar ma Gola ta rubuta, don tun da suke bakinta bai taɓa iya kama sunansa ba, sunan ubanta ne. Ta ɗauka, ta juya wa Umma baya.

Muryarsa cike da murna. "Baba Alƙali ya kira ni yanzu. Auta, an gama. Na yarda."

"Ka me?"

"Na yarda. Wasan Asabar zan fito da sabuwar riga. Bayan an tashi in yi wa 'yan jarida bayani. Kin yi shiru, ko murna ce?"

Ta kashe wayar. Umma ta dube ta, ta ɗaga gira.

"Kin san shi, ko?"

*

Washegari da ta tashi daga aiki, ko farar rigarta ba ta cire ba ta wuce filin atisaye. Masu gadi sun san ta, suka buɗe mata ƙofa. A ɗakin kaya ta same shi, ɗan ƙuntataccen ɗaki mai warin gumi da man zafi, takalma jere a kan katako, ƙwallaye a cikin raga a kusurwa. Tsoho mai kula da kayan 'yan wasa yana ganin fuskarta ya tuna ana nemansa a waje.

Gola ya miƙe, kansa na kusan taɓa fanka. Ya ɗauko wata koriyar riga ya baza mata.

"Kalli."

Lamba ɗaya ce a bayan, babba. Samanta, inda suna ya saba zama, babu komai.

"Ban zaɓi sabon ba tukuna," in ji shi. "Na ce ke za ki zaɓa. Koci ya ce Katanga, yara suka ce Kulle. Ni dai duk wanda kika ce."

Auta ta karɓi rigar ta duba, ta ninke ta ta ajiye a kan benci.

"Innarka ta sani?"

Murmushinsa ya ragu. "Zan faɗa mata."

"Yaushe? Bayan ta kunna talabijin ta nemi bayanka ta rasa?"

"Auta."

"Kai ka ba ni labarin nan, ba wani ba. Kana kwance ina gasa maka kafaɗa, kana cije baki don zafi. Ka ce babanka a hanya ya rasu, can wata ƙasa, ko kabarinsa ba ku sani ba. Ka ce Inna ba ta iya karatu ba, amma ta haddace siffar rubutun da ke bayan rigarka, duk sanda aka nuno sai ta matsa kusa da talabijin. Ka ce a duk duniya nan ne kaɗai aka rubuta sunan babanka mutane suna gani. Ko ƙarya ka yi mini don in tausaya maka?"

"Ban yi miki ƙarya ba."

"To ina sunan?"

Ya zauna a kan benci, ya sa manyan hannayensa a tsakanin gwiwoyi.

"An ce in zaɓa, ke ko suna. Na zaɓe ki. Wace mace ce za ta zo tana faɗa don an zaɓe ta?"

"Ni."

"Kin san sau nawa na tsaya a ƙofar gidanku aka ce ba kya nan, alhali ina hango takalminki? Kin san yadda nake ji in na ga motar likitan nan a cikin gidan, ni ina waje? Yanzu an buɗe mini ƙofa, ke kuma kin zo kin tsaya a bakinta."

Kuka ya zo mata, ta bar shi ya zubo, ba ta ko share ba.

"Ƙofar da za ka shiga a sunkuye ce. Ka saurare ni. Ina son Baba, amma na fi ka saninsa. Yau ka ba shi suna. In an jima za mu zauna a falonsa, wani ya kira sunan, kai da aka haifa da shi ka yi shiru ka jira shi ya amsa. 'Ya'yanmu su tambaye ka sunan kakansu ka fara kame-kame. Wata rana za mu yi faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, gishiri ko makullin mota, ka dube ni ka tuna abin da na ci maka. Ba za ka faɗa ba, don kana da kirki. Amma zan gani a idonka."

"Ba zan taɓa yi miki gori ba."

"Ni zan yi wa kaina."

Ya miƙe ya fara zagaye a ɗan ɗakin, taku kaɗan ya kai bango ya dawo.

"To me kike so in yi?"

"Ka sa rigarka ta da."

"Babanki ya hana ni ke."

"Ya hana."

"In kuma na sa wannan?"

"Baba zai ba ka ni, ni kuma ba zan zo ba."

Ya tsaya cak yana kallonta. Bai taɓa ɗaga mata murya ba, amma yau ta ɗan hau.

"Wannan wane irin zaɓi ne? Ta nan na rasa ki, ta can na rasa ki."

"A'a. Ta nan ka rasa ni gaba ɗaya. Ta can jira kawai za ka yi."

"Har yaushe?"

"Ban sani ba."

"Ba ki sani ba." Ya yi dariyar da ba ta da daɗi. "Ke da babanki duk ɗaya ne. Shi ya kafa mini sharaɗi, ke kin kafa mini. Babu wanda ya tambaye ni me nake so. Sunan nan nawa ne fa, Auta. In na ga dama in ba da shi."

Maganar ta soke ta, don akwai gaskiya a ciki.

"Naka ne," ta ce. "Ka ba da shi ga duk wanda ka so. Amma ba a kaina ba. Ni ba za a saye ni da sunan mamaci ba."

Ta juya. Ta ɗauka zai kira ta, bai kira ba. Da ta waiga daga bakin ƙofa, yana zaune ya sake baza koriyar rigar a kan cinyarsa yana shafa wurin da babu rubutu.

*

Har Asabar ta ƙarato bai kira ta ba, ita ma ta hana kanta. Sai ta ɗauki wayar, ta buɗe, ta kife. Tsoro ya kama ta sosai. Idan ya fito da rigar nan fa? Ta riga ta furta, kuma ta san halinta, ba za ta janye ba. Za ta zama ta kori mutumin da ya ba da komai dominta.

A asibiti labari ya riga ya zagaya. Ƙaramin likita ya tare ta a baranda, sitetoskof rataye a wuya.

"Na ji an ce gwanin naki zai koma marar suna. Ai ya kyauta. Malam, babanki, ya cancanci a bar masa abinsa."

"Ka faɗa wa Malam ɗin ka faɗi haka," in ji Auta. "Zai ji daɗi, ƙila ya ƙara maka lemo a leda."

Ta wuce ta bar shi yana gyara tabarau.

Abin da ya fi yi mata ciwo a gida yake. Baba ya canza. Ya dawo yana tsokanar Umma, yana tambayar Auta marasa lafiyarta. Da safiyar Asabar suna karyawa ya tura mata kwanon sukari da kansa.

"Na yi wa yaron nan mummunar fahimta," in ji shi. "Ashe yana da biyayya. Ki kwantar da hankalinki, ni ba na magana biyu. Yau in na gani da idona, gobe ma manyansa su zo."

Ta dubi fuskarsa, ta ga farin ciki na gaske, irin wanda ta daɗe ba ta gani ba. Ta buɗe baki za ta faɗa masa inda ta je, Umma ta taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ita Umma tun ranar ta karanci komai a fuskarta.

*

Da yamma Alƙali ya iso, don Likita ya ce a gaban shaida aka yi magana, a gaban shaida za a cika. Aka sha fama kafin a samo tashar wasanni. Likita ya riƙe rimot yana dannawa kamar mai auna bugun zuciya, sai da Umma ta karɓa ta nemo.

Auta ta zauna a ƙasa kusa da ƙofa, ta jingina da bango.

Fili ya cika maƙil. 'Yan wasa suka fito a jere, Gola a gaba, amma da baƙar rigar sanyi a saman kayansa, an zuge ta har wuya.

"Me kuma ya rufe?" in ji Likita.

"Haka suke fitowa," in ji Alƙali. "Sai an zo farawa suke cirewa."

"Kai a ina ka sani?"

"Jikoki."

Aka gaisa, aka jefa kwabo. Gola ya taka zuwa ragarsa a hankali, kamar ba shi ake jira ba. Kyamara ta bi shi. Fuskarsa a ɗaure, idanunsa sun faɗa, da gani bai yi barcin kirki ba. Auta ta dunƙule gefen mayafinta har yatsunta suka yi sanyi.

Ya ajiye gorar ruwa a gindin ƙarfe. Ya zuge rigar sanyin, ya cire, ya jefa bayan raga. Koriyar riga ce a ciki, amma ta gaba duk iri ɗaya ne.

Sai ya juya ya taɓa ƙarfen sama, kamar yadda ya saba.

Sunan yana nan. Cikakke, farare ƙal, daga kafaɗa zuwa kafaɗa.

Mai sharhi ya kira shi da ƙarfi, 'yan kallon bayan raga suka ɗauka, fili gaba ɗaya ya amsa. Auta ta sa tafin hannu ta toshe bakinta. Kuka ne ko dariya, ita kanta ba ta sani ba, kafaɗunta dai suna girgiza.

Likita ya ɗauki rimot, ya yi ta lalube kafin ya samu inda ake kashewa. Talabijin ya yi duhu. Amma tagogi a buɗe suke, kuma duk layin ƙwallon ake kallo. Sunan ya ci gaba da shigowa daga gidan maƙwabta, daga shagon aski, daga rediyon mai gadi.

"To, ka gani, Takwara," in ji Likita, muryarsa a ƙasa. "Ga yaron da ka zo ka tsaya wa. Ya ba ka magana, ya mai da kai ƙaramin mutum."

Alƙali ya shafa gemu.

Likita ya juyo ga 'yarsa. Ba fushi ne a fuskarsa ba tukuna, tausayi ne.

"Ki daina kuka. Gara da kika gani tun yanzu. An ajiye masa ke an ajiye masa suna, ya ɗauki suna."

Umma ta zuba mata ido tana girgiza kai a hankali. Da Auta ta yi shiru, da laifin duk ya tafi kan Gola, ita ta zauna a matsayin wadda aka yaudara, a yi ta lallashinta. Ta share fuska, ta matso ta durƙusa a gabansa.

"Ni ya ɗauka, Baba. Har ya sa an yi masa rigar, na gan ta da idona. Ni na je na hana shi."

Likita ya sunkuyo yana dubanta.

"Maimaita."

"Na ce masa in ya sauke sunan babansa, ko ka ba shi ni ba zan aure shi ba."

"Ke?" Ya cire tabarau. "Ke da na ɗauka a hannuna? Kina gani aka yi mini dariya, kika je kika tsaya wa bare?"

"Ina gani, Baba, kuma har yau in na tuna sai na ji zafi. Amma wanda ka ce a goge ba naka ba ne. Na wani direba ne da ya rasu a hanya, bai san ka ba, bai taɓa yi maka komai ba. Naka yana ƙirjin duk wanda ka yi wa aiki, babu mai iya cire shi. Shi kuwa wannan rigar ce kawai ta rage masa."

"Auta, ya isa," in ji Umma.

"Bar ta," in ji Likita. "Ai ta girma." Ya mai da tabaransa. "Ba zan yi miki dole ba, ban taɓa yi wa 'ya'yana ba. Ba kya son likitan, an bar shi. Amma ki ji da kyau. Muddin ina numfashi, ba zan ba wannan yaron ke ba. In kin ga dama ki zauna a gidan nan har kanki ya yi fari."

"Takwara," in ji Alƙali, "a yi hankali da irin wannan furuci."

"Na furta."

Hawayen suka sake zubo mata. Ta san shi, abin da ya faɗa ya zauna. Wataƙila shekara, wataƙila shekaru, wataƙila Gola ya gaji ya tafi. Duk ta hango, kuma ta ji tsoro. Amma ko kaɗan ba ta yi da-na-sani ba.

"Allah ya ƙara maka tsawon rai, Baba," ta ce. "Ni ba mutuwarka zan jira ba. Saukowarka zan jira."

Ya kau da kai yana kallon talabijin ɗin da ke kashe.

A waje ihu ya tashi gaba ɗaya, irin wanda ake yi in gola ya cafe wadda kowa ya ɗauka ta shiga. Auta ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta nufi ƙofa.

"Ina za ki?" in ji Umma.

"Gidan maƙwabta. Aurensa aka hana ni, ba a hana ni kallonsa ba."

Ta jira ko Baba zai ce kada ta fita. Bai ce ba. Ta sa takalmanta, ta ja ƙofar a hankali ta rufe.